Shafen Ƙota: Zaɓen Abin da Ake Shafa wa Ƙotar Kayan Aiki

1.0 Gabatarwa

A darasin sana'o'in gargajiya, ɗalibi yakan haddace cewa maƙeri ne ke ƙera ruwan hauya, masassaƙi kuma ya sassaƙa mata ƙota, daga nan sai a wuce zuwa jima ko saƙa. To amma akwai wani ɗan aiki tsakanin gizagon masassaƙi da tafin hannun manomi wanda ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato gyaran jikin ƙota da zaɓen abin da za a shafa mata. Aikin ƙarami ne a ido, sai dai duk wanda ya taɓa wuni a gona da ƙota mai kaushi ya san nauyinsa. Noman farko ba ya jiran kowa. Idan hannun magidanci ya yi bororo ya fashe a kwanakin da ciyawa ke rige-rige da gero, kwana uku ko huɗun da zai yi yana jinya za su bayyana a rumbunsa da kaka.

A wannan babi za a ɗauki misali daga Kafinsoli, garin manoma da ke yamma da Kankiya a kan hanyar Dutsin-Ma, da ƙauyukan Kankiya da Kusada a tsakiyar Jihar Katsina. A wannan yanki, duk da yaɗuwar garmar shanu da maganin feshi, hauya da galma da lauje da gatari suna riƙe da babban kaso na aikin gona. Abin da ake so ɗalibi ya fahimta shi ne, shafen da ya dace da ƙota shi ne wanda ya shige cikin icen ya zauna, kuma ana zaɓensa ne ta la'akari da hannun mai aiki da yanayin ƙasa da abin da aljihu zai iya.

2.0 Ƙota da Icenta

Ƙota ita ce icen da ake sanya wa ruwan kayan aiki domin a sami wurin riƙo, jam'inta ƙotoci. A wasu kare-karen harshe akan ji ɓota, kamar yadda Bakatsine kan ce hauya da galma da icce inda Bakano zai ce fartanya da garma da itace. Hanyar haɗa ƙota da ruwa iri biyu ce. A kayan aikinmu na gargajiya, ƙarfe ne ke shiga cikin ice: akan huda kan ƙota, a gasa tsinin ruwan hauya ko na gatari ya yi ja, a tura shi cikin hudar ya ƙona wa kansa mazauni daidai da shi. A kayan da suka zo daga baya kuwa, irin su shebur da diga da gudumar kafinta, ice ne ke shiga cikin ƙarfe. Wannan bambanci zai yi mana amfani a gaba.

Masassaƙi yakan fi son marke da ƙirya saboda tauri, sai aduwa da bagaruwa da kanya da magarya. Ƙotar hauya daga gwiwar reshe ake fitar da ita, inda reshe ya rabu da uwarsa, domin a nan ne zaren icen ya murɗe ya sarƙe, ba ya saurin darewa idan an buga. Matsalar ita ce marke da ƙirya sun yi ƙaranci a gonakin wannan yanki, saboda saran makamashi da ƙonar gawayi da faɗaɗar gonaki. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Nijeriya ta Barno a 1928, ita ce ta cike giɓin a wurare da dama, kuma ba laifi, amma ba ta kai waɗancan juriya ba. Ke nan tsawaita ran ƙota ɗaya yau ya fi muhimmanci a kan zamanin da ake shiga daji a zaɓi reshen da ake so.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wajen shafe kuwa akasin haka ne, domin ɗanyen ice ba ya karɓar komai. Sabon sara yakan ƙunshi ruwa mai yawa, a wasu itatuwa har ya kusa rabin nauyinsa, kuma mai ba shi da wurin shiga sai ruwan nan ya fita. Saboda haka akan ajiye ice a inuwa ya sha iska makonni ko watanni. Idan aka shanya shi a rana, bayansa zai riga cikinsa bushewa, sai ya tsattsage. Ƙwararren masassaƙi yakan gane busasshen ice daga sauƙinsa a hannu da kuma ƙarar da yake yi idan an ƙwanƙwasa shi.

3.0 Abubuwan da ke Cin Ƙota

Kafin a zaɓi magani, sai an san cuta. Babbar cutar ƙota a ƙasar Katsina ita ce sauyin yanayi tsakanin hunturu da damina. Ice, ko da ya shekara goma da sarewa, bai daina shan danshin iska yana kuma fitar da shi ba. A tsakiyar hunturu danshin iska a wannan yanki yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuwa ya haura kashi 70. Masana kimiyyar katako sun auna cewa a yanayi na farko ruwan da ke cikin ice yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na nauyin busasshensa, a na biyu kuwa ya kai kashi 13 zuwa 16. Wato kowace shekara ƙota takan kumbura da damina, ta tsuke da rani. A tsawonta ba ta cika motsawa ba, a kaurinta ne take motsi. Haka kuma bakin ice, wato wurin da aka datse shi, ya fi gefensa saurin shan ruwa da fitar da shi ninki goma ko fiye, shi ya sa tsaga takan fara daga kan ƙota ko daga gindinta.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan wata al'ada da kowa ya sani. Idan damina ta kawo jiki, aka ɗauko hauya ko gatari aka tarar ruwansa yana girgiɗi, sai a tsoma kan ƙotar a ruwa ta kwana, da safe a same ta ta kama gam. Dabarar tana aiki, amma bashi ne aka ci. Lokacin da icen ya kumbura, ƙarfe ba ya matsawa ya ba shi wuri, sai zaren icen da ke jikin ƙarfen ya murƙushe, kuma abin da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Da icen ya sake bushewa, girgiɗin sai ya fi na da. A shebur da diga da guduma, inda ice ke cikin ƙarfe, abin ya fi muni, don kan guduma yana iya fita ya tashi sama ana tsakiyar aiki. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a buga 'yar tsinkar ice ko ta ƙarfe a cike giɓin, sa'an nan a shayar da kan ƙotar mai.

Ban da yanayi, akwai gara da zago, waɗanda kan lashe ƙotar da aka jingina a ƙasa cikin 'yan kwanaki, da ƙananan ƙwarin da ke huda farin gefen ice su bar gari mai laushi. Akwai kuma zufa, wadda ke jiƙa jikin ƙota kullum ta tayar da ƙananan zaruruwa, su ne ke zama kaushi, daga baya su zama sartse.

4.0 Shafe Mai Kwanciya a Bisa

Ana iya kasa abubuwan shafe gida biyu. Na farko shi ne wanda ke bushewa a bisa ice ya zama fata, kamar fentin mai da banish ɗin da kafintoci ke shafa wa gado da kujera. Yawancin shebur da diga da ake sayarwa a kasuwa da irin wannan shafe suke zuwa, suna sheƙi. Gaskiya ne cewa matuƙar fatar nan ba ta fashe ba, ta fi kowane mai tare danshi. A jikin ƙyaure ko akwati wannan fa'ida ce babba. A jikin ƙota kuwa kyan ɗan maciji ne.

Dalili na farko shi ne hannu. Fatar banish ba ta shan zufa, saboda haka zufar takan kwanta tsakanin tafi da ƙota. Wani lokaci ta yi santsi, mai aiki ya ƙara damƙa har ya gaji da wuri, wani lokaci kuma ta riƙa kama fatar hannu tana ja, sai bororo ya fito. Dalili na biyu, ƙota aba ce da ake bugawa ana jefarwa. Ba a jimawa fatar ke tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, bakin ɓawon da ya ɗago kuma ya riƙa yankan hannu. Dalili na uku ya shafi fenti musamman: yana rufe tsaga. Gatarin da ƙotarsa ta fara darewa a ƙarƙashin fenti ba ya yin gargaɗi. Saboda irin wannan haɗari ne dokar kare ma'aikata ta Amurka ta hana a shafa wa tsanin katako duk wani abu da zai ɓoye aibinsa. Wanda ya sayi shebur mai sheƙi, abin da ya fi masa shi ne ya kankare wurin riƙon da wuƙa ko samfefa kafin ya fara aiki da shi.

5.0 Shafe Mai Shiga Ciki

Kashi na biyu shi ne mai da kaki, waɗanda ke shiga ƙofofin ice su cika su, su bar jikinsa yana taɓuwa. Wannan ita ce hanyar da Hausawa da Fulani suka gada. Kowa ya san sandar makiyayi, yadda ake shafa mata man shanu ana murzawa har ta yi ja ta yi sulɓi, ta shekara da shekaru ba ta tsage ba. Masassaƙi ma, bayan ya gama da gizago, yakan kankare ƙota da wuƙa ko fasasshiyar kwalba, wani ya ɗan babbaka ta a wuta don a ƙone gashin icen, sa'an nan a shafa mai tun tana da ɗumi. Babbakar nan a yi ta sama-sama, domin icen da ya ci wuta sosai yakan yi gautsi. Sauran aikin hannun manomi ne ke ƙarasa shi. Tsohuwar ƙota da ta sha damina biyar tana da wani sulɓi wanda babu kantin da ke sayar da irinsa, shi ya sa dattijo kan ba da aron sabuwar hauya ya hana tsohuwa.

Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibansa iyakar abin da mai zai iya. Mai ba ya hana ice shan danshin iska gaba ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya rage saurin shiga da fitar ruwa, ya sa raɓa da ruwan sama su zame maimakon su nutse, ya kuma kwantar da zaruruwan da ke zama sartse. Ga ƙota, wannan ya wadatar, tun da saurin bushewa ne ke tsaga ice.

Su kansu mayukan ba ɗaya suke ba. Akwai mai daskarewa da marar daskarewa. Man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa kittani da zarensa, idan ya haɗu da iska yakan sauya ya daskare a cikin icen, ba ya sake narkewa. Haka ma man tung da ake samu daga wata bishiya ta ƙasar Sin. Masana suna auna wannan hali da abin da suke kira ma'aunin aidin: man linsid yakan haura 170, man gyaɗa yana wajen 90 zuwa 100, man kaɗe da manja kuwa wajen 50 zuwa 70. Duk man da ya yi ƙasa a wannan ma'auni ba ya daskarewa, yana nan a matsayinsa na mai har ya fita da zufa. Ɗanyen man linsid yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe. Wanda ake kira dafaffe, an zuba masa sinadaran ƙarfe ne masu gaggauta bushewa, yakan kama cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ne aka fi yabawa a ƙasashen Turai da Amurka wajen ƙotar gatari, amma a Kafinsoli ba abin da ake samu a tebur ba ne, sai an nema a shagunan masu fenti na birni, kuma ba shi da araha.

To me ya rage wa manomi? A ganinmu man kaɗe ne ya fi dacewa daga cikin mayukan gida. Yana narkewa da ɗumin hannu, ba ya saurin yin wari, kuma yana gyara fatar mai riƙon a lokaci guda. Ko da yake kaɗanya ta fi yawa a kudancin jihar, ba a rasa mansa a kasuwannin yankin. Man gyaɗa shi ne mafi kusa da hannu, yana kuma shiga ice sosai, sai dai idan ya yi yawa yakan jawo ƙura ya yi danƙo, ya gayyato kiyashi da ɓera. Man shanu ma haka, ga tsada. Man darbejiya yana da ɗacin da ƙwari ba sa so, saboda haka ya dace da kayan da za a ajiye tsawon rani, in dai mai shi zai jure warinsa. Manja yakan ɓata hannu da riga.

Kakin zuma kuwa abokin tafiyar mai ne. Yana narkewa ne a zafin da ya kai digiri 62 zuwa 64, don haka zafin bazara, ko da ya haura digiri 40, ba ya zubar da shi. Akan narka kaki kashi ɗaya da mai kashi uku ko huɗu a gwangwani, a sa gwangwanin cikin ruwan zafi maimakon a ɗora shi kan wuta kai tsaye, a bari ya huce. Wannan haɗi ya fi mai zalla tare ruwa, musamman idan an cusa shi a bakin ice na kai da na gindi, inda tsaga ke farawa.

Yadda ake shafawa ba shi da wuya. A kankare ƙota, a goge ƙura, a ɗan ajiye ta a rana ta yi ɗumi, a shafa mai kaɗan da tsumma ko da tafi, a jira kamar rabin sa'a, sa'an nan a goge duk abin da icen bai shanye ba. Wannan gogewar ta ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa, kuma ita ce ke raba ƙota mai sulɓi da ƙota mai yauƙi. A maimaita sau biyu ko uku a kwanaki daban-daban. Bayan haka sau biyu a shekara ya isa: bayan girbi, kafin hunturu ya kankama, da kuma lokacin sharar gona, kafin ruwa ya sauka.

6.0 Gargaɗi Biyu

Na farko, baƙin mai, wato tsohon man inji da ake juyewa daga mota ko babur. Kyauta ake samunsa wurin bakanike, yana kuma korar gara, shi ya sa wasu ke shafa shi ga ƙota. Ga gindin dirka ko azara da za a binne, wannan wata magana ce daban. Amma abin da hannu mai zufa zai riƙe tun safe har azahar, hannun da za a ci tuwo da shi, bai kamata ya sha baƙin mai ba. Yana ɗauke da guggubin ƙarafa da ragowar ƙuna, kuma binciken likitoci ya danganta yawan taɓa shi da cututtukan fata, har da sankara.

Na biyu ya shafi man linsid. Lokacin da yake daskarewa yana fitar da zafi. A jikin ƙota ba a jin zafin, amma idan aka dunƙule tsumman da aka yi shafe da shi aka jefa a lungu, zafin yakan taru har tsumman ya kama wuta da kansa, ba tare da ashana ba. A watan Fabrairu na 1991, irin waɗannan tsummoki da ma'aikata suka bari ne suka tayar da gobara a wani bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya na Amurka, inda 'yan kwana-kwana uku suka rasu. A gidan da ke da rumbun kara da ɗakin ciyawa, ba sai an yi dogon bayani ba. A baza tsumman a fili ya bushe, ko a nutsa shi cikin ruwa.

7.0 Kowace Ƙota da Irin Nata

Gatari da galma suna son sulɓi, domin hannu yana zamewa a kan ƙota a kowane sara, saboda haka mai kaɗan da gogewa mai yawa. Lauje da wuƙa da gizago kuwa damƙa ɗaya ake yi musu, a nan ɗan kaki yana ƙara kamu. Muciya da ludayin ice da taɓarya, ko da yake ba ƙotoci ba ne, su ma suna shan shafe, kuma tun da suna taɓa abinci, ba a sa musu sai man da ake ci. Dafaffen man linsid bai halatta gare su ba saboda sinadaran da ke cikinsa. Kayan kafinta da ba sa fita rana, irin su ƙotar kurfi da ta zarto, su ne kaɗai za a iya yi wa sassauci a bar su da banish.

Wannan bayani yana da alaƙa ta kai tsaye da aikin malami. A makarantun firamare da na sakandare da ke da gonar makaranta, akan ga an shafe ƙotocin hauyoyi da fenti tun daga kai har gindi, don a gane kayan makaranta kada su ɓace. Niyyar mai kyau ce, amma hannun yaro bai yi kanta ba, shi ne kuma zai fi saurin yin bororo. Zobe ɗaya na fenti a can gindin ƙota, ko lamba da aka ƙona da jan ƙarfe, ya isa shaida. Wurin riƙo a bar shi ga mai. Bayan aiki a rataye kayan ko a ɗora su bisa maratayi a inuwa, kada a jingina su a ƙasa.

8.0 Aikin Aji

Ɗalibi ya sami gutsattsarin busasshen ice guda huɗu daga reshe ɗaya. Ya bar ɗaya haka nan, ya shafa wa na biyu man gyaɗa, na uku man kaɗe da kaki, na huɗu fenti. Bayan mako guda ya ɗiga wa kowanne ruwa a gefe da kuma a baki, ya lura da wanda ya riga shanyewa, sa'an nan ya jiƙa tafinsa ya murza kowanne sau hamsin, ya rubuta abin da ya ji. Daga nan ya ziyarci wani masassaƙi ko maƙeri a garinsu, ya tambaye shi icen da yake fitar da ƙota da shi a yau da wanda mahaifinsa ya yi amfani da shi, da abin da yake shafa mata. Ya rubuto sunayen sassan ƙota da na kayan aikin kamar yadda mai sana'ar ya furta su da karin harshensa, ba tare da ya mayar da su daidaitacciyar Hausa ba, domin a kwatanta su a aji da na sauran garuruwa.